Hajiya, yunwar nan da ke tashinki cikin dare tana da dalili: amsa kan maganar leftin

Wa'alaikumus salam Hajiya. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, layin marasa lafiya ne ya sha kaina, sai yau da na dawo gida da wuri na samu zama. Bari in maimaita ta a taƙaice saboda masu irin damuwarki suna da yawa. Kin ce shekarunki 39, yara biyar, a Rigasa ta Kaduna kike, da azumin bara kika fara rage ci, kika ɗora da Sittu Shawwal, kika zarce har kika sauko daga kilo 96 zuwa 86, sai kuma wata irin yunwa ta taso miki wadda baki taɓa saninta ba, dare ya raba ki tashi ki buɗe tukunya, yanzu ga ki a 95 kuma maigida yana miki tsiya wai kwaɗayi ne kawai. Sannan wata mai kayan mata ta ce miki leptin ɗinki ne ya ƙare, tana da kafso da zai mayar miki da shi. Kina so ki san gaskiya ne, ki saya ko ki fara zuwa a gwada jininki.

Kar ki saya, wannan dai in fara da shi kafin kuɗinki su tafi. Amma sunan da ta kira ɗin ba ƙirƙirarsa ta yi ba, akwai shi, kuma yana da hannu dumu-dumu a abinda ya same ki, ita dai ta juya maganar ne ta baibai. Ni leftin zan riƙa rubutawa yadda bakinmu ke faɗa.

Da can har mu a makarantar likitanci kallon da ake yi wa kitse shine ajiya ce kawai, maiƙo ne jiki ya tara ya jingine. Ashe kitse yana magana. Kowace ƙwayar kitse a jikinki tana sakin wani sinadarin saƙo, homon kenan, ya bi jini ya je wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, inda ake kula da yunwa da ƙishi da zafin jiki da ma al'adar mata. Kitse in yana da yawa leftin ɗin da ke fita yana da yawa, in ya ragu shi ma ya ragu. Ki ɗauka kamar gidan ƙauye ne mai rumbu, maigida baya leƙawa da kansa, yaro yake aikawa kullum ya dawo ya ce Baba hatsi yana nan ya kai wuya, ko ya ce Baba ya fara yin ƙasa fa. Leftin shine yaron nan. Shi ba ruwansa da kin ƙoshi da tuwon daren jiya ko baki ƙoshi ba, wannan aikin wasu ne daban da ke fitowa daga ciki da hanji, nasa labarin na ajiyar watanni ne.

Yadda aka gano shi ma abin a ji ne. A 1949 a wani ɗakin bincike mai suna Jackson a Amurka aka ga wasu ɓeraye da ke ci ba ƙaƙƙautawa har su ninka 'yan'uwansu sau uku a nauyi. Daga baya aka samu wani jinsin kuma, su ma ga ƙiba ga ciwon suga. Wani masani Douglas Coleman ya yi wani gwaji da in na tuna shi har yanzu tsigar jikina tana tashi, sai ya ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe yadda jininsu zai riƙa haɗuwa. Da ya haɗa mai ƙiba na jinsin farko da lafiyayye, sai mai ƙibar ya rage ci ya fara ramewa. Da ya haɗa na jinsi na biyu da lafiyayye kuwa, lafiyayyen ne ya ƙaurace wa abinci har yunwa ta kashe shi, ga abincin a gabansa. Coleman ya ce toh lallai akwai wani abu a jini mai cewa a daina ci, jinsin farko basu da shi sam, na biyun kuma suna da shi har ya yi yawa amma ƙwaƙwalwarsu bata jinsa. An fi shekara ashirin ana neman abin nan, sai a 1994 Jeffrey Friedman da mutanensa a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka gano shi, aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Coleman da Friedman har lambar yabo ta Sarki Faisal ta Saudiyya suka karɓa a 2013 a fannin likitanci.

Ki riƙe ɓerayen nan biyu a ranki, don amsarki gaba ɗaya a tsakaninsu take.

Akwai mutane irin ɓeran farko, waɗanda aka haifa jikinsu baya iya yin leftin. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka ba da labarin wasu yara biyu 'yan'uwan juna, asalin iyayensu 'yan Pakistan, gidan da ake auren zumunci sosai. Yarinyar tana shekara 8 nauyinta kilo 86, yaron shekara 2 kilo 29. Kin ji fa, kilo 86, nauyin da kika sauko kika kai, a jikin 'yar shekara takwas. Yaran nan kullum cikin kukan yunwa suke don ƙwaƙwalwarsu bata taɓa jin yaron aike ya dawo ba, a ganinta rumbu wayam yake. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin kullum, tana shekara 9 lokacin ta haura kilo 94, cikin shekara ɗaya ta sauke fiye da kilo 16, ta koma tana ci kamar sauran yara. Amma irin waɗannan a duk duniya 'yan ƙalilan ne, kuma tun suna jarirai abin ke nunawa. Matar da ta yi ƙuruciyarta siririya, ƙiba ta zo mata bayan haihuwa ta biyu ta uku, bata cikinsu.

Kamfanonin magani ma sun yi irin tunanin mai kafson nan taki, sun ɗauka an samu maganin ƙiba an gama. Kamfanin Amgen dala miliyan 20 ya biya a 1995 don ya mallaki haƙƙin abin. Da aka zo aka gwada jinin masu ƙiba sai aka sha mamaki, wani bincike na 1996 ya nuna leftin ɗinsu ya ninka na marasa ƙiba wajen sau huɗu. Aka yi musu allurar duk da haka, sakamakon da aka buga a 1999 bai taka kara ya karya ba, wasu sun ɗan ragu a babban awo, da yawa ba wani canji, ga wurin allura yana kumburi. Ma'ana yawancinmu masu jiki ɓera na biyu muka fi kama da shi, saƙon yana zuwa da yawa amma ba a saurare. Kin san masu gida kusa da injin niƙa, baƙo in ya zo baya iya zama don ƙara, su kuwa hira suke abinsu har yara na barci. Toh haka ƙwaƙwalwa ke yi da leftin in ya daɗe yana da yawa, kuma in kika ƙaro wani injin kusa da na farko ba zai sa su fara ji ba.

Ke da kike kilo 95, kuma mace, don mata leftin ɗinsu ya fi na maza sau biyu zuwa uku ko da nauyi ɗaya ne, naki bai ƙare ba, ina da tabbacin ya ma fi nawa. Ga wani abu kuma da mai sayarwar ba za ta faɗa miki ba, wataƙila ita ma bata sani ba: leftin furotin ne, kamar insulin. Duk furotin ɗin da ya shiga ciki ta baki narkar da shi ake yi kamar ƙwai ko nama. Shi ya sa mai ciwon suga allurar insulin yake yi baya haɗiyarsa. Kwanaki wata baiwar Allah ta zo wurina a asibiti, bayan mun gama ta buɗe jaka ta zaro kwalba a naɗe cikin baƙar leda tana waige-waige kamar ta ɗauko abin sata, ta ce likita duba min wannan. An rubuta sunan leftin ɓaro-ɓaro a gaba da hoton mace mai siririn ƙugu, na juya baya inda ake jera abinda ke ciki, ganyen shayi ne da sinadarin kofi da wasu saiwoyi, babu leftin ko ɗigo, babu lambar NAFDAC. Kuɗin da ta ce ta biya da wake ta auna a Kasuwar Bacci da ya kai su wata biyu. Ta ce tun da ta fara sha gabanta ke faɗuwa, barci ya ƙaurace mata, kuma hawan jini gare ta.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, don nan ne abinda ya faru da ke. Ƙwaƙwalwa tana iya yin kunnen uwar shegu in yaron aike ya ce hatsi ya yi yawa, amma ranar da ya ce ya fara raguwa, tsaye take miƙewa. Asalin aikin leftin kenan, ƙararrawar yunwa ce. Kakanninmu fari da yunwa suka yi ta kashewa, ƙiba bata kashe su ba, don haka jikin ɗan Adam ya fi tsoron rama nesa ba kusa ba. Kuma abin haushin shine jiki baya auna raguwar da abinda ya kamata ki kasance, da inda kika saba yake aunawa. Kin sauke kilo 10 daga 96, har yanzu akwai kitse isasshe a 86, amma ita ƙwaƙwalwar faɗuwar kawai ta gani. Leftin ma baya jiran kitse ya narke, mutum in ya daina ci kwana ɗaya biyu ya riga ya faɗi sosai.

Me uwargida take yi in aka ce rumbu ya yi ƙasa? Ta rage awo, ta kashe murhu ɗaya, ta tura yara neman abinci. Haka jiki yake yi. Yunwa ta ƙaru, abinci ya riƙa yi miki ƙamshi fiye da da, ki wuce mai tuyar awara a bakin layi ki ji kamar ana janki da igiya. Sannan jiki ya rage ƙona abinda kika ci, sinadarin tayirod na maƙogwaro ya ɗan sauka, tsoka ta koyi yin aiki da ɗan mai kaɗan, ki riƙa jin sanyi da kasala. A 'yan mata masu matse kansu da yawa har al'ada tana ɗaukewa, don jiki ya yanke hukuncin ba lokacin ɗaukar ciki ba ne. Masana a Jami'ar Columbia, Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum, sun nuna cewa mutanen da suka sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, in aka mayar musu da leftin zuwa inda yake a da ta hanyar allura, yawancin canje-canjen nan suna komawa daidai, wanda ya tabbatar faɗuwarsa ce ke tayar da su. Wannan a ɗakin bincike ne fa, ba maganin da za ki samu a kemis ba.

Kuma baya wucewa da sati biyu. A Melbourne ta Ostireliya an sa mutum 50 a kan tsananin rage ci na sati 10, suka sauke kilo 13 da rabi a matsakaici, leftin ɗinsu ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. Bayan shekara guda aka sake gwada su, sun ma fara mayar da wani ɓangare na nauyin, amma leftin har lokacin yana ƙasa da inda ya faro da fiye da kashi ɗaya cikin uku, girelin kuma, wato homon ɗin da ciki ke saki mai cewa tashi ki ci, yana sama, kuma da bakinsu sun ce sun fi jin yunwa fiye da kafin su fara. A 2011 aka buga wannan. Toh Hajiya ke kika yi watanni kina faɗa da wannan ke kaɗai, kina girka wa mutum bakwai abinci sau uku a rana kina ɗanɗana gishiri, sannan a ce miki kwaɗayi. Ki karanta wa Alhaji wannan sakin layin, ki ce in ji ni, da girmamawa.

Maganar gwaji kuma, ni ba zan tura ki gwajin leftin ba. Tsada gare shi, ba ko'ina ake yi ba, kuma na riga na san abinda zai nuna, zai ce yana da yawa, wanda sikeli ya riga ya faɗa mana kyauta. Yaron da ya fara ƙiba mai tsanani tun yana goye da yunwar da bata da iyaka, shi ne ake wa wannan binciken. Akwai kuma masu wata cuta da ba kasafai ake gani ba, jikinsu baya iya ajiye kitse sam, sai maiƙon ya tafi ya taru a hanta da tsoka, su kamu da suga mai tsanani duk da ba su da teɓa ko kaɗan, su ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2014 a riƙa yi wa allurar leftin. Kinga ashe kitsen ma rahama ne in yana inda ya dace.

Inda yake zaune ɗin shine abinda ya fi damuna da lambar sikeli. Kitsen cinya da mazaunai da na ƙarƙashin fata da sauƙi. Na cikin tumbi wanda ya naɗe hanji da hanta shine mai jawo suga da hawan jini. Akwai wani homon ɗin da kitse ke saki, adifonektin, shi aikinsa taimaka wa insulin, kuma shi akasin leftin ne, tumbi na ƙaruwa yana raguwa. Don haka ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, kin saki numfashi ba kin shanye ciki ba. Ma'aunin da ake amfani da shi mace kar ta wuce santimita 80, wajen inci 31 da rabi, namiji 94, inci 37 kenan. Mai sauƙin tunawa, ƙugu kar ya kai rabin tsayinki. Sai ki je da safe baki ci komai ba a duba suga, in ya kai 7.0 ko 126 a ɗaya ma'aunin sai a maimaita don tabbatarwa, daga 5.6 zuwa 6.9 kuma gargaɗi ne. A duba hawan jini da maiƙon jini, in kasala da jin sanyi sun yi yawa a haɗa da tayirod.

Ki kuma faɗa wa likitan duk abinda kike sha. Na faɗi haka ne don mun san halinmu, sha-ka-fashe ya shiga gidaje da yawa, wasu ma a cikin haɗin gyaran jiki ake zuba musu basu sani ba, kuma galibi dexamethasone ne da cyproheptadine. Na farkon yana buɗe ciki, ya tara kitse a tumbi da fuska da doron wuya, ya tayar da suga. Wanda ya daɗe yana shansa kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa a hannun likita. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma tana ƙara wa wasu mata nauyi, ba kowa ba.

Toh me za ki yi da yunwar? Gaskiya babu wani abinci ko shayi da na sani wanda aka tabbatar yana buɗe kunnen ƙwaƙwalwa ga leftin, duk wanda ya ce miki yana da shi kasuwa yake ci. Abinda ke hannunmu shine kar mu riƙa firgita jikin, kuma mu rage wasu abubuwan da ke ƙara wa yunwar ƙarfi. Babba a ciki wanda mutane ke rainawa shine barci. A Chicago an taɓa hana samari 12 barci, awa huɗu kawai a gado dare biyu a jere, leftin ɗinsu ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28, kuma abinda suka riƙa sha'awa shine kayan zaƙi da masu sitaci. Dare biyu kacal. Ke kuma na san tsarin, sai sha biyu an gama kallo da danna waya, ga zafi in ba wuta, huɗu da rabi kin tashi, Asuba, abin karin 'yan makaranta. In za ki iya kwanciya ƙarfe goma ki samu ɗan ƙailula da rana, kin yi wa kanki abinda kafso ba zai yi ba. In kuma Alhaji ya ce kina minshari mai yankewa kamar numfashi ya tsaya, wannan ma a faɗa wa likita.

Abinci kuwa, kar ki sake komawa cin sau ɗaya a rana, shine ya kai ki ga tukunyar tsakar dare. Ki ci sau uku amma ki canza fasalin kwanon. Furotin da ganye sun fi riƙe ciki, kuma Allah Ya hore mana su da araha: wake, alale, ƙwai, awara, kifi, nono marar suga, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli daidai misali. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ta fi yawa, man ya ragu. Dawa da gero da acca da mutanen kudancin jihar nan ke nomawa sun fi farar shinkafa da burodi zama a ciki. Abinda zan ce ki yanke kai tsaye shine zaƙin da ake sha, lemon kwalba, zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga, shayi mai cokali huɗu, saboda abin ruwa yana shiga ne ƙwaƙwalwa bata lissafa shi a matsayin abinci yadda ya kamata, kin sha kuma ki ci abincinki cif. Sai tafiya, minti 30 sau biyar a sati, da sauri yadda za ki ɗan yi haki. Ba sai kin je Murtala Square ba, daga Rigasa kuɗin Keke ma ya isa ya hana ki, ki samu maƙwabciya ku zaga unguwa bayan Asuba ko ki sauka nesa da Islamiyya ki ƙarasa da ƙafa. Motsa jiki shi kaɗai baya sauke kilo da yawa, amma wajen hana shi dawowa da gyara suga yana da ƙarfi.

Kuma ki sassauta burin. A wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, mutum sama da 3,000 masu gab da kamuwa da suga, waɗanda aka sa su nemi sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A jikinki kilo 6 zuwa 7 kenan. Ki sauke su a hankali cikin wata shida, rubu'in kilo a sati ma ya isa, ki tsaya a 88 ko 89 ki riƙe shi shekara guda, wallahi ya fi min 80 ɗin da za ki taɓa ki dawo.

Za ki ji ana maganar allurar Ozempic, na san ta shigo gari. Ita ba leftin ba ce, kwaikwayon wani homon na hanji take yi, kuma tana aiki da gaske, a babban gwajin da aka buga a 2021 masu amfani da babban awonta sun sauke wajen kashi 15 cikin 100. Sai dai waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abinda suka sauke ya dawo, saboda dai ƙararrawar nan tana nan bata mutu ba. Ga tsada, ga jabu a kasuwa, ga tashin zuciya, kuma mai ciki ko mai neman ciki bata yi. In sakamakon gwajinki ya nuna akwai buƙata, da likita za ku zauna a kai, ba a hannun mai kayan mata ba.

Ki fara da awon ƙugun da gwajin sugan a satin nan, in kin karɓo ki turo min lambobin tare da sunan duk maganin da kike sha, har da na gargajiya da na haɗin matan, sai mu ga ta inda za a kama. A gaida yara.